Littafi Mai Tsarki a Bakin Daji: Waiwaye daga Ƙasar Birnin Gwari

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Gwari kafin fitinar 'yan bindiga ta auku, da dajinta ya san ta, domin tun daga shekarar 1936 da Hukumar En'e ta keɓe dajin Kamuku ta mai da shi gandu, har zuwa 1999 da gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya zama gandun ƙasa, mutanen da ke zaune a gefensa ba su ɗauke shi a bakin komai ba face wurin neman arziki, inda ake samo zuma da kaɗanya da ɗorawa, inda mafarauci ke kwana, makiyayi kuma ya kai shanunsa idan rani ya tsananta. A cikin jama'ar da ke noma a wannan gefe, wadda mafi yawanta Musulmi ne, akwai 'yan tsirarun Kirista, Gwarawa da Kamukawa da Hausawan da kakanninsu Maguzawa ne, da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti waɗanda aiki ya kawo daga kudancin Zariya. A kan waɗannan nake so in yi magana, musamman a kan yadda suke ɗaukar Littafinsu su auna al'amuran gida da na gona da na maƙwabtaka da shi, gama na ga yadda abin yake a dā, ina kuma ganin yadda ya koma a yau.

Littafin bai iso wannan ƙasa da gaggawa ba. A 1894 wani saurayi daga Kanada mai suna Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa mishan ɗin SIM, ya rasu a Girku tun aikin da ya kawo shi bai kankama ba. Sai bayan shekaru masu yawa, da Likita Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905 kafin a koma Wusasa, ya haɗa kai da abokan aikinsa Turawa da malamai Hausawa, aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa cikin Hausa, aka buga shi a 1932. Wannan bugu shi ne ya bi sawun masu bishara, waɗanda galibinsu manoma ne da suka ɗan zauna a makarantar Littafi, ya shiga ƙauyuka. Da ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta tashi haiƙan da Yaƙi da Jahilci a waɗannan shekaru, sai masu iya haɗa baƙi suka ƙaru, amma littafin kansa ya ci gaba da tsada da wuyar samu, har a ƙauyenmu ana iya ƙirga gidajen da suka mallake shi da yatsun hannu ɗaya. Wannan ƙaranci, a ganina, ya zo da wani alheri wanda ba a lura da shi ba a lokacin, wato babu mai karatu shi kaɗai. Duk wanda ke da mas'ala, dole ya kawo ta inda littafin yake, inda littafin yake kuwa akwai dattawa.

Ina tuna wata shekara, ina yaro, da ruwan shuka ya sauka, aka sami saɓani tsakanin wasu manoma biyu na ikilisiyarmu a kan iyakar gona, domin wutar daji ta cinye gambar da ke raba su tun da rani, kowannensu kuma ya ja kunyarsa har inda yake zaton haƙƙinsa ya kai. Magana ta yi tsami har matansu suka daina gaisawa a rafi. Dattawa ba su yarda a kai ƙara gaban mai unguwa ba. Bayan sujadar yamma aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar majami'a, malamin bishara ya kwance littafinsa daga ƙyallen atamfar da yake naɗe shi saboda gara, baƙin bangonsa duk ya sha gumin hannu, ya jawo fitilar ƙwai kusa, ya karanta labarin Ibrahim da Lutu a Farawa sura 13 daga farko har ƙarshe, yana bin layi da yatsa: yadda makiyayansu suka yi rikici a kan wurin kiwo, da yadda babban ya sakar wa ƙaramin zaɓi. Da ya rufe littafin bai yi wa'azi ba. Wani tsoho ne ya dubi babban cikin masu jayayyar ya ce, "Ɗan'uwa, kai ne babba, me ka ji a ciki?" Mutumin ya yi shiru har sai da aka ɗaga lagwanin fitila, sa'an nan ya ce a bar wa ƙanen kunya biyun da ake gardama a kansu. Amma tsohon bai tsaya nan ba, ya sa aka buɗe Maimaitawar Shari'a, inda aka haramta wa mutum gusar da alamar iyakar maƙwabcinsa, ya juya ga ƙaramin ya ce, "Kai kuma, ɗana, an bar maka ne saboda zumunci, ba domin an tabbatar naka ne ba. Gobe da sassafe za mu je mu dasa bini-da-zugu a kan iyakar, kowa yana gani."

Sai da na girma na gane cewa waɗannan dattawa, waɗanda ba su taɓa shiga ajin tauhidi ba, suna da usulubi, kuma usulubin nasu bai yi nisa da na malaman fiƙihu na maƙwabtanmu Musulmi ba, waɗanda ba sa ba da fatawa da nassi guda sai sun duba sauran nassosin da ke magana a kan al'amarin, sun kuma yi la'akari da halin mai tambaya. Ba sa yanke hukunci da aya ɗaya. Idan sun sami wadda ke kira zuwa ga rangwame, sai sun nemo wadda ke tsare haƙƙi su ajiye kusa da ita, domin kada mai haƙuri ya zama abin cuta, kada kuma mai gaskiya ya zama mai taurin zuciya. Haka aka bi da maganar sadakin da ya yi yawa, da bashin hatsin da aka ci da bazara za a biya da kaka, da rabon gado, da ɗa wanda ya ƙi matar da uba ya zaɓa masa, da magidancin da burkutu ya hana shi noma. Kuma idan laifi ne tsakanin mutum biyu, tsarin da ke cikin Matiyu sura 18 ake bi daki-daki, a fara da ganawa a asirce, in ta ƙi a ɗauki shaidu, in ta faskara a kawo gaban jama'a, horo kuwa shi ne na ƙarshe. Ba na cewa duk hukuncinsu daidai ne. Tsananin da aka yi wa mai mata biyu da ya zo neman baftisma, har aka sa wasu suka sallami matan da suka haifa musu 'ya'ya, ina ganin an ɗauki ƙa'ida an danne rahama da ita, kuma matan nan ne suka biya farashin. Amma ko a nan, a fili aka yi kuskuren, gaban jama'a, inda wani zai iya tashi ya yi musu.

Waɗancan mas'aloli, duk da nauyinsu a lokacin, na mutanen da ke kwana da ƙofa a buɗe ne. Bala'in 'yan bindiga ya fara da satar shanu, ya koma tare hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa, daga nan ya zama ɗaukar mutane don kuɗin fansa da ƙone ƙauyuka. A watan Mayu na 2018 aka kashe fiye da mutum 40 a Gwaska. A watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka shiga majami'ar ECWA a Dankande, a yankin Dogon Dawa, suka tafi da fasto da mawaƙan da suka taru don koyon waƙa. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana hawan babur, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci, ta yadda wanda aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran kowa. Wajibi ne in faɗa, domin adalci, cewa wannan bala'i bai tambayi addinin kowa ba. Musulmin ƙasar Birnin Gwari, da yake su ne mafiya yawa, su ne suka fi binne gawa, an kashe limamai, an ɗauki masallata, kamar yadda aka ɗauki masu sujada. Sai dai kowace jama'a da littafin da take komawa gare shi idan dare ya yi mata tsawo, Kirista kuma suka koma ga nasu da tambayoyin da kakanninsu ba su taɓa kawowa ba.

Ta farko ita ce ta kuɗin fansa. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta tsaya a kan cewa ba sulhu, ba biyan ko kwabo. A 2022 kuma Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya. Hujjar mahukunta ba ta banza ba ce, gama kowace naira da ta shiga daji harsashi take komawa. Mai karanta Romawa sura 13 ya san an umarce shi da biyayya ga hukuma, ya kuma san daga sura 3 cewa an hana shi aikata mugunta da fatan alheri ya fito daga cikinta. Amma a cikin littafin nan dai akwai Karin Magana sura 24, wadda ke ɗora wa mutum alhakin ceton wanda ake ja zuwa ga mutuwa, ta kuma rufe masa ƙofar cewa bai sani ba. Akwai wasiƙar Ibraniyawa da ke son a tuna da ɗaurarru kamar tare aka ɗaure ku. Na zauna a wata majami'a ranar Lahadi bayan an ɗauke 'yar wani manomi, na ga yadda aka warware wannan mas'ala ba tare da doguwar muhawara ba: bayan an ɗauki baiko, sakataren ikilisiya ya sake ajiye tasar a kan tebur, matan Zumunta suka riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya suna kwance bakin zane, wata ta ce a rubuta mata buhun masara, wani ya ce a sayar da ɗan marakinsa ranar kasuwa, uban yarinyar kuwa yana zaune a bencin baya ya rufe fuska da hularsa. Da yamma wani maƙwabcinsa Musulmi ya aiko da nasa gudummawar a cikin ambulan. Iyayen ɗaliban makarantar Bethel Baptist, fiye da 120 da aka kwashe a watan Yuli na 2021, sun sha irin wannan ɗacin, sun sayar da abin da suka mallaka. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: uban da ya biya don ya ceci ɗansa yana cikin lalura, kuma alhakin kuɗin nan yana wuyan wanda ya karɓa da wanda aka damƙa wa amanar tsaro. Laifin da nake gani a kanmu shi ne na bayan an dawo da yaro, sa'ad da ake yin sujadar godiya a watse, a bar gidan da bashin da zai ci gonarsu.

Ta biyu ita ce ta gudu ko zama. Wanda ya ce gudu rashin bangaskiya ne, an tuna masa da Yusufu wanda ya ɗauki Maryamu da jaririn cikin dare ya nufi Masar, da kuma izinin da Almasihu ya ba almajiransa na barin garin da aka tsananta musu. Wanda ya ce a kwashe kaya a bar ƙasar har abada, an tuna masa da annabi Irmiya, wanda ya sayi gona a Anatot, ya auna azurfa gaban shaidu, ya sa aka adana takardar ciniki a cikin tulu, alhali rundunar Babila tana kewaye da Urushalima. Da yawa suka ɗauki hanyar tsakiya, suka kai mata da yara Birnin Gwari ko unguwannin Kaduna irin su Gonin Gora da Sabon Tasha, maza suka riƙa komawa gona a ɓoye. Wasu kuma suka biya harajin da 'yan daji suka ɗora kafin a yi shuka ko girbi, suna biya zuciyarsu tana ƙuna.

Wadda ta fi tsorata ni ita ce ta uku, domin ita ce ke taɓa ruhin mutum. Saurayin da aka kashe wa uba ya zo ya ce zai shiga 'yan sa-kai, yana da hujjarsa a hannu: Ibrahim ya tara mutanen gidansa ya bi sawun waɗanda suka kama Lutu ya ƙwato shi, Nehemiya kuma ya sa magina suna aiki da makami a ɗamare. Ban ga yadda za a hana mutum tsare ƙofar gidansa ba. Amma tsakanin tsaron gida da ramuwar gayya akwai rata, kuma a cikin wannan rata ne jinin marasa laifi ya zuba: Bafulatanin da ya shekara ashirin matarsa tana kawo mana nono, aka tare shi a hanyar kasuwa don kawai kamanninsa, yaron gari da aka gani da sabon babur, aka ce infoma ne, aka gama da shi kafin rana ta faɗi. Attaura ta hana a yanke wa mutum hukunci da bakin shaida ɗaya, sai biyu ko uku, ta kuma ce a yi bincike da kyau. Wannan doka, wadda dattawanmu suka riƙe a kan maganar akuya da kunyar gona, ita ce aka fara jefarwa da maganar ta zama ta rai.

A nan ne nake ganin canjin da ya fi na daji girma, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Littafin da ya yi wuya a dā yanzu yana aljihun kowa. An yi sabuwar fassara mai sauƙin Hausa wajen 1980, wasu suka biyo baya, kuma waya tana karanta wa wanda bai iya karatu ba. Wannan ni'ima ce, ba na raina ta. Amma ta zo daidai lokacin da fitina ta warwatsa zaman da ake karatun a cikinsa: dattijon da ya san tarihin kowace gona ya rasu a gudun hijira, fasto an mai da shi wani gari, ikilisiyar ƙauye ɗaya ta rabu unguwa biyar. Sai kowa ya zama muftin kansa. Mai fushi ya nemo ayar fushi a Zabura ya tura wa abokansa ta WhatsApp, mai tsoro ya riƙe Zabura 91 ya mai da ita abin kariya daga harsashi, ya manta cewa da wannan zabura ce Iblis ya jarrabci Almasihu a kan hasumiyar Haikali. Wasu masu wa'azi na birni kuma suka sami kasuwa, suna sayar wa 'yan gudun hijira mai da hankici da alkawarin da Littafin bai yi ba. Ayar da aka cire daga surarta, aka raba ta da 'yan'uwanta, aka karanta ba tare da wani tsoho a gefe da zai ce a buɗe wani wuri ba, tana iya zama makami a hannun mai baƙin ciki.

Yanzu ga mas'ala mafi nauyi ta iso. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, ya buɗe kasuwar shanu wadda ta yi kusan shekara 10 a rufe; motoci suka koma bin hanyar Kaduna, manoma suka koma gonakin da suka zama kurmi. Duk wanda ya kwana a daji yana jin kukan 'ya'yansa ba zai raina wannan sauƙi ba, ni ma na gode wa Allah dominsa. Amma ma'anarsa ita ce, gwauruwar da ta je sayen gishiri tana iya haɗuwa da wanda ya harbe mijinta yana cinikin shanu. Me Littafin ya ce mata? Ya ce ta gafarta, kuma bai sa wa gafarar adadi ba. Ya ce ta bar ramuwa ga Allah, ta yi wa maƙiyi addu'a. Wannan umarni ne, ba shawara ba, kuma ba zan sassauta shi don ya yi daɗin ji ba. Sai dai na ji ana karanta mata wannan rabin kaɗai, a rufe littafin, kamar dai dukan nauyin sulhu a kanta yake, wanda ya yi ɓarnar kuwa ya isa ya ce ya tuba.

Littafin bai tsaya nan ba. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, da ya tuba, ya miƙe gaban jama'a ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu, bayan wannan ne aka shaida cewa ceto ya shiga gidansa. Yahaya Mai Baftisma ya nemi masu zuwa wurinsa su nuna tubarsu a aikace, ya ce wa sojoji su bar ƙwace. Yusufu ɗan Yakubu ya yafe wa 'yan'uwansa da suka sayar da shi, amma bai bayyana musu kansa ba sai da ya gwada su da Biliyaminu, ya tabbata ba za su sake sayar da ƙane ba. Manzo Bulus, da ya roƙi Filiman ya karɓi Onisimus, ya ɗauki bashin a kansa ya ce shi zai biya. A duk waɗannan wurare gafara da mayar da haƙƙi tafiya ɗaya suke yi. Malaman Musulunci ma haka suka ƙayyade, cewa tuba daga zaluntar bayin Allah ba ta cika sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko an nemi afuwarsa. Ashe a kan wannan batu masallaci da majami'a na ƙasar Birnin Gwari bakinsu ɗaya ne, kuma gwauruwar Gwaska da uwar mawaƙiyar Dankande abu ɗaya suke bi bashi. Gafarar zuciya aikin wanda aka zalunta ne, tsakaninsa da Ubangijinsa, ba a tilasta masa ranar da zai kai gare ta. Amincewa kuwa sai an gwada. Adalci kuma aikin hukuma ne, gafarar gwauruwa ba ta sauke mata shi ba.

Saboda haka ina kira ga fastoci da dattawan ikilisiyoyin da ke komawa ƙauyukansu, kafin su fara tara kuɗin kwanon rufin majami'a, su maido da zaman yamma inda ake kawo mas'ala a karanta sura cikakkiya gaban jama'a, su kuma sa matan da aka kashe wa maza su zauna a gaba, a ji ta bakinsu. Ina kuma roƙon duk mai hannu a cikin sulhun nan, daga fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari har gidan gwamnati a Kaduna, ya sa a rubuta sunayen gwauraye da marayu na kowane addini, a tambayi tubabbun shanun da suka kora da gonakin da suka mamaye, a kuma nemi su fito da duk wanda ya rage a hannunsu.